Zarton Zayyana: Injin Da Za Ka Ƙera Kayan Wasan Yara Da Shi A Ɗaki Ɗaya

Bidiyon da na saka makon jiya na ƙaramin injin yankan katako ya jawo tambayoyi fiye da na wayoyin da muka saba dubawa. Wasu sunansa suke tambaya, wasu suna son sanin ko zai yi aiki da wutar gida, wasu kuma cewa suke me ya haɗa tashar fasaha da aikin kafinta. Bidiyo ɗaya ba zai ɗauki amsar duka ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

A taƙaice dai, injin shi ne abu mafi sauƙi a wannan harka. Abubuwa uku ne ke raba wanda zai ci moriyar kuɗinsa da wanda zai yi asara: irin wutar da injin ke sha, siririn zarton da ake ɗaura masa, da kuma sanin cewa duk abin da ka ƙera wa ƙaramin yaro a bakinsa zai ƙare.

Me ya sa na ɗauko wannan maganar daga Misfala

Duk wanda ya taɓa zuwa Hajji ko Umra ya san Misfala, unguwar da ke kudu da Harami. Sunan ma daga "ƙasa" ya samo asali, wato gangaren Makka, kishiyar Ma'ala da ke sama. Idan ka biyo titin Ibrahim Khalil za ka ga shaguna jere, cike da tsarabar yara: raƙumin roba mai waƙa, wayar roba mai walƙiya, motoci masu batir. Alhazanmu na cika jaka da su. Kowa kuma ya san yadda labarin ke ƙarewa. Kafin a gama zuwa yi wa Alhaji barka da sauka, taya ta cire, batir ya mutu, robar ta tsage ta bar baki mai kaifi.

Mu kuwa da hannunmu muka taso muna yin motar kara da ta langa-langa da ta gwangwani. Wannan sha'awar ba ta mutu ba, wuri ne ya yi mana ƙaranci. Gidajen Misfala benaye ne a cunkushe, ɗakuna ƙanana, maƙwabci a sama, maƙwabci a ƙasa. Babu tsakar gida, babu zaure, balle a yi maganar shago. Injin kafinta na sosai ba zai shiga nan ba. Wannan kuwa a kan tebur yake zama, faɗinsa bai fi na keken ɗinki ba.

Wane irin inji ne

Ni zarton zayyana nake ce masa. Turawa na kiransa sikurol-so, a kantunan nan kuwa idan ka ce "minshar arkit" za a gane ka. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce ka tuna keken ɗinki. A keke allura ce ke hawa da sauka, tela yana juya yadi. A nan wani siririn zarto ne ke hawa da sauka ta wani rami a tsakiyar farantin ƙarfe, kai kuma kana juya katako da hannu biyu kana bin layin da ka zana. Tsawon zarton inci 5 ne, wato wajen milimita 130, kuma siririntarsa ta sa daga nan zan riƙa ce masa tsinke.

Abin da ya bambanta shi da sauran zartuna shi ne yankan ciki. Za ka huda ɗan rami a tsakiyar katako, ka kwance tsinken, ka zura shi ta ramin, ka sake ɗaurewa, ka yanke tagar mota ko cikin harafi ba tare da ka taɓa gefen katakon ba.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1760 wani mai zanen taswira a Landan, John Spilsbury, ya riƙa manna taswira a kan siririn katako yana yanka ƙasashe ɗaya bayan ɗaya don koyar da yara, kuma daga nan wasan harhaɗa hoto ya yaɗu. A shekarun 1870 kamfanin Barnes na garin Rockford a Amurka yana ƙera irin wannan zarto na takawa da ƙafa. Shi kansa LEGO da katako ya fara: kafinta Ole Kirk Christiansen ya soma yin kayan wasa na katako a Billund ta ƙasar Denmak a 1932, roba daga baya ta zo.

Me ya sa ba leza ko firintar 3D ba

Na san wannan ce tambayar da ke ran yawancinku, tunda mu 'yan fasaha ne. Kowanne da wurinsa.

Injin leza ƙona katako yake yi. Gefen na fitowa baƙi, hayaƙi na cika ɗaki, kuma haskensa na iya lalata ido. Ƙananan da matasa ke iya saye siririn katako suka fi dacewa da shi, ba mai kaurin da za a yi jikin mota ba. Firintar 3D roba take fitarwa, tana ɗaukar awanni a kan abu ɗaya, kuma robar PLA da aka fi amfani da ita tana fara laushi a wajen digiri 60. Ka bar abin a cikin mota da azahar a Makka ka dawo ka ga yadda zai lanƙwashe. Injin CNC kuwa ƙararsa da ƙurarsa ba na gidan haya ba ne, kuma tunda bakinsa zagayayye ne ba ya iya fitar da kusurwar ciki mai tsini.

Zarton zayyana ba ya buƙatar kwamfuta, yana yanka katako har kusan milimita 50, layin da yake ci da ƙananan tsinkaye bai kai milimita ɗaya ba. Abin da yake nema a wurinka shi ne haƙuri da hannu. Ba zai fitar maka da kwafi ɗari iri ɗaya kana barci ba. Idan abin da kake nema ke nan, leza ce taka.

Maganar wuta, kafin maganar komai

Nan ne mutane ke asarar kuɗi, musamman masu saye a nan su kai gida.

Wutar Saudiyya bolt 230 ce, haz 60, kodayake a wasu tsofaffin gine-gine har yanzu akwai soket mai bolt 127. Ta Najeriya bolt 230 ce, haz 50. Nijar ma haz 50 ce. Amurka kuwa bolt 120 ce, haz 60. Yawancin bidiyon da za ku gani a YouTube na wannan harka daga Amurka suke, injinan da suke yabawa kuma na bolt 120 ne. Ka yi odar irin wannan ka jona shi kai tsaye a Makka ko Kano, ya ƙone nan take. Sai da taransifoma mai rage wuta.

Haz kuma fa? Wasu injinan, musamman masu gudu ɗaya ko biyu, saurin juyawarsu ya dogara ne da haz ɗin wuta. Wanda aka yi don haz 50 zai ƙara sauri da kashi 20 cikin 100 a wutar Saudiyya. Wanda aka yi don haz 60 kaɗai zai rage sauri a wutar Najeriya, ya kuma fi yin zafi. Masu maɓallin ƙara gudu da ragewa ba su cika damuwa da wannan ba, amma kar ka yi zato. Juya injin ka karanta ɗan allon da ke jikinsa. Abin da kake so ka gani shi ne 220–240V, 50/60Hz. Idan ta intanet kake saye, ka sa mai kaya ya turo maka hoton wannan allon.

Labari mai daɗi shi ne ba ya cin wuta. Yawancinsu tsakanin wat 50 ne da 150. Injin wat 120 da ya yi awa uku yana aiki ya sha abin da bai wuce wat-awa 360 ba. Ke nan ƙaramar inbata da batir ɗin sola za su riƙe shi, in dai inbatar mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce, don masu arha na iya rikita na'urar da ke sarrafa gudu.

Abin da za ka duba a jikin injin

Na farko, wuya. Shi ne tazarar da ke tsakanin tsinke da bayan injin, kuma shi ke nuna girman katakon da za ka iya juyawa. Inci 16, wato milimita 406, ya ishi duk wani abin wasan yara.

Na biyu, gudu. Ana ƙirga shi da bugu a minti. Nemi wanda ake iya ragewa da ƙarawa, misali daga 400 zuwa 1,600. Mai koyo a hankali yake farawa.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, mariƙin tsinke. Tsinke iri biyu ne: mai fil a kai da gindi, da marar fil. Mai fil yana da sauƙin ɗaurawa, amma kauri ne da shi, kuma sai ka huda rami na wajen milimita 5 kafin ya shige. Marar fil shi ne na aikin zayyana, yana shiga ramin da bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, kuma ire-irensa sun fi yawa. Ka tabbatar injin na karɓar marar fil. Ka kuma duba ko da hannu ake kwance shi ko sai da makulli, domin a zane ɗaya kana iya kwancewa da ɗaurewa sau talatin.

Na huɗu, nauyi da jijjiga. Inji mai nauyi ya fi zama daram. Marar nauyi idan ka ƙure masa gudu tafiya yake yi a kan tebur.

Ga wasu da za ku ci karo da sunansu. Makita SJ401 da Einhell TC-SS 405 E duk masu wuyan milimita 406 ne, gudu 400 zuwa 1,600. Proxxon DS 230/E ƙarami ne sosai, wuyansa milimita 230, ya fi dacewa da ƙananan ayyuka. Dremel Moto-Saw yana yanka har milimita 18, kuma tsinkayensa nasa ne na musamman, don haka ka tabbatar za ka same su a inda kake. DeWalt DW788 shi ne wanda Amurkawa suka fi nunawa: wuya inci 20, gudu 400 zuwa 1,750, nauyi wajen kilo 25, wato ya zarce jakar kilo 23 da yawancin jirage ke bayarwa, kuma na kasuwar Amurka bolt 120 ne. Hegner na Jamus na ƙwararru ne, kuɗinsa ma na ƙwararru ne.

A nan za ku iya dubawa a SACO, Amazon.sa, Noon, ko na hannu a Haraj. Ku duba ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15. Idan na hannu ne, a kunna shi a gabanka, ka kalli tsinken daga gaba. Ya kamata ya zama layi ɗaya siriri. Idan ka ga ya yi faɗi kamar inuwa, hannun injin na kaɗawa gefe da gefe, bar shi.

Tsinke: abu mafi arha, shi ne kuma sarki

Inji mai matsakaicin kuɗi da tsinke mai kyau ya fi inji mai tsada da tsinken banza. Wannan na gwada shi a gaban kyamara, kun ga bambancin gefen katakon da idonku.

Tsinkaye lamba ne da su. Ƙaramar lamba, siririn tsinke mai ƙananan haƙora. Lamba 1 zuwa 3 na siririn katako ne, milimita 3 zuwa 6. Lamba 5 ita ce ta yau da kullum, tana cin milimita 12 zuwa 19. Lamba 7 zuwa 9 na katako mai kauri ko mai tauri ne. Idan za ka fara, sayi 3 da 5 da 7, dozin-dozin. Tsinke abin ƙarewa ne, yana dakushewa, yana karyewa. Sunayen da aka sani da inganci sun haɗa da Olson, Pégas da Flying Dutchman. Mai komawa gida ya ƙullo da yawa, ba su da nauyi, kuma ba lallai ya same su a kasuwar garinsu ba.

Tsarin haƙora ma iri-iri ne. Akwai mai giɓi tsakanin haƙora, yana fitar da dusa da sauri, katako ba ya ƙonewa. Akwai wanda 'yan haƙoransa na ƙasa ke kallon sama, wannan na hana ƙasan katako yagewa, ya rage maka aikin samfefa. Shi na fi ba masu kayan wasa shawara. Akwai kuma murɗaɗɗe mai yanka ta kowane ɓangare, amma layinsa faɗi ne da shi kuma yana da wuyar sarrafawa, a bar shi sai hannu ya faɗa.

Ƙa'idoji uku. Haƙora ƙasa suke kallo, in ba haka ba katakon zai riƙa tsalle. A ɗaure tsinke ya yi tsauri, idan ka tura shi da yatsa kar ya lanƙwasa fiye da milimita 3, idan ka kaɗa shi ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar molo. Sannan kar ka danna katako da ƙarfi, bar haƙora su ci da kansu. Za ka lura yawancin tsinkaye na ɗan jan layi zuwa gefe ɗaya. Ba injinka ne ya lalace ba, daga yadda ake buga su ne. Sai ka ɗan karkata katakon kana tafiya.

Katako

Makka ba garin katako ba ne, ga shi kuma an hana sare bishiyar da ta tsiro da kanta a cikin iyakar Harami. Abin da ke kantuna shigo da shi ake yi. Sunaye uku za su yi maka amfani. "Suwaidi" katako ne fari mai laushi, yana da arha da sauƙin yanka, na koyo ne. "Zan" yana da tauri da santsi, ba ya saurin fitar da tsiraruwa, shi ya sa masu kayan wasa a Turai ke yawan amfani da shi. "Ablakash" shi ne filawud, na wasan harhaɗawa ne da haruffa. Nemi mai kyau wanda ba shi da ramuka a tsakanin shimfiɗunsa.

Ba sai ka sayi falanki guda ba. Je wurin kafinta ka nemi ragowar guntaye. A Kano, 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo za ka samu obece da malaina, dukansu suna yankuwa cikin sauƙi, in dai sun bushe.

Abin da za ka guje wa: MDF, domin dusa ce aka matse da gam mai sinadarin fomaldehaid, ƙurarsa laushi ne da ita, kuma yana kumbura idan yaro ya jiƙa shi da yawu. Katakon da aka yi wa maganin gara. Tsohon katako mai fenti. Katakon ɗora kaya na kwantena mai tambarin MB, wannan da iskar guba aka yi masa feshi, kuma ko mai tambarin HT ne ba ka san abin da ya zuba a kansa a hanya ba.

Yanayi ma na da tasiri. Katakon da ya sha laimar Jidda idan ya shigo ɗaki mai AC zai tsuke. Ajiye shi kwana biyu uku kafin ka yanka. A gida kuwa hunturu na tsuke shi, damina na kumbura shi.

Aikin farko: mota mai taya huɗu

Zana gefen mota a takarda, ko a manhajar Inkscape wadda kyauta ce, ka buga a firinta a girmanta na asali. Tsawon santimita 14 ya yi. Manna tef ɗin takarda na masu fenti a kan katako mai kaurin milimita 18 zuwa 20, sannan ka manna zanen a kan tef ɗin, don ya ɓare ba tare da ya bar gam ba. Idan katakon mai tauri ne, shimfiɗa salatif a sama, yana rage ƙuna. Jijiyar katako ta bi tsawon motar, don duk siririn wuri da ya gitta jijiya nan zai karye.

Yi huda tun katakon na da kusurwa huɗu: ramin taga ɗaya, ramukan sandar taya biyu. Idan sandar milimita 6 ce, ramin jikin mota ya zama 7 don ta juya ko da katako ya kumbura, na cikin taya kuma 6 cif don gam ya kama. Fara da yankan taga, sannan gefe. Idan ka zo kwana mai tsini, daina turawa, ɗan ja baya kaɗan, juya katakon a inda yake, ka ci gaba. Tayoyi da bakin huda mai fitar da da'ira sun fi fitowa daidai. Sai samfefa: lamba 120, sannan 220, har sai babu baki mai kaifi ko ɗaya.

Bayan mota, gwada haruffan Larabci da na boko, ko Dagin Arewa a matsayin wasan harhaɗawa. Mai neman zane ya je tsohon garin Jidda, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, ya kalli rawashin, wato tagogin katako masu zayyana da tsofaffin gidajen Makka ma aka san su da su. Waɗannan ba da irin injinmu aka yi su ba, amma zanensu na zama a kan filawud sosai. Maganar siffar dabba ko mutum kuwa, malamai sun yi bayani a kan kayan wasan yara, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da dai nake roƙo shi ne kar a yanka aya ko sunan Allah a kan abin da yaro zai jefar a ƙasa ya taka.

Bakin yaro

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so ku karanta sau biyu. Abin da ka yi da hannunka babu hukumar da ta gwada shi, kai ne hukumar.

Ƙa'idojin kayan wasa na Turai da Amurka, EN 71 da ASTM F963, suna amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Ba abin wasan kaɗai ake nufi ba, har duk abin da zai iya cirewa daga jikinsa: taya, sanda, fitila. A gida yi amfani da kwalin tsakiyar tishu, ya ɗan fi wancan faɗi, ke nan ya fi tsanani. Ga ƙananan yara, yi tayoyi manya waɗanda ba za su shige ba ko sun cire.

Sannan ka gwada kamar yadda suke gwadawa. A ƙa'idar Turai ana sakin abin wasa daga tsayin santimita 85 sau biyar, ana kuma jan sassansa da ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 9. Saki motarka a kan tayil, ja tayoyin da ƙarfinka. Gara ta karye a hannunka.

Kar ka sa ƙusa, kar ka sa ƙaramin maganaɗisu, kar ka sa batirin agogo. Maganaɗisu biyu idan yaro ya haɗiye suna jan juna ta jikin hanji su huda shi. Batirin agogo idan ya maƙale a maƙogwaro yana ƙona nama cikin 'yan awanni. Igiyar ja ma kar ta yi tsawon da za ta zagaye wuya.

Fenti kuma, kar ka yi amfani da na mota ko na ƙarfe ko ragowar gwangwanin da ba ka san asalinsa ba, don wasu fentin na ɗauke da dalma. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ko kaɗan ɗinta na taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Nemi fentin ruwa da aka rubuta EN 71-3 a jikinsa. In ba ka samu ba, bar katakon da launinsa, ka shafa masa kakin zuma. Man gyaɗa da man girki ba su dace ba, suna yin ɗoyi, kuma wasu yara jikinsu ba ya son gyaɗa.

Lafiyarka da haƙƙin maƙwabta

A cikin injinan yanka, wannan na daga masu sauƙin haɗari, amma yana yanka yatsa. Kar yatsanka ya tsaya a kan layin da tsinke zai bi. Sa tabarau na kariya. Cire filogi kafin canza tsinke, kuma ka cire shi duk lokacin da ka tashi, tunda a ɗaki ɗaya kake da yara.

Ƙura ce babbar matsala. Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa. A ɗakin da aka rufe saboda AC, ƙurar zagayawa take yi. Sa takunkumi N95 ko FFP2, jona injin zuƙar ƙura, buɗe taga, goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara.

Ƙarar injin ba ta da yawa, jijjigarsa ce ke bin tebur ta sauka ga na ƙasa. Ɗaure shi da noti a kan katako mai nauyi, ka shimfiɗa tabarmar roba a ƙarƙashi. Mutanen Makka da yawa na barci bayan asuba da bayan azahar, ni tsakanin la'asar da magariba nake kunna nawa.

In sha'awa ta koma kasuwa

Wasu sun tambayi ko za a iya sayarwa. A nan bizar Umra ko ta ziyara ba ta ba ka izinin kasuwanci, mai iƙama ma sai ya bi ƙa'ida, kuma kayan wasan da ake sayarwa a ƙasashen Gulf sai da tambarin G na hukumar ƙa'idojinsu. A Najeriya hukumar SON ce ke kula da inganci. Saudiyya dai ta ware 2025 a matsayin shekarar sana'o'in hannu, alamar cewa ana ƙara daraja irin wannan aiki. Shawarata ita ce ka fara yi wa yaran gida, ka bar su su yi wata uku suna dukan abin, ka ga abin da ya karye ka gyara zane.

To wa ya kamata ya saya? Mai ƙaramin wuri, mai haƙuri, wanda ke son hannunsa ya huta daga waya na awa biyu. Ya nemi mai wuyan inci 16, mai gudu da ake sarrafawa, mai karɓar tsinke marar fil, mai wutar da ta dace da inda zai zauna. Ya kuma ware kuɗin tsinkaye da takunkumi da samfefa tun kafin ya biya na injin.

A bidiyo na gaba zan jona shi da inbata da ƙaramin batir mu ga awa nawa zai yi, saboda 'yan uwa na gida da ke fama da ɗaukewar wuta. Wanda yake da tambaya, ko ya riga ya ƙera wani abu, ya ajiye mana a ƙasan bidiyon. Sai mun haɗu, a huta lafiya.